Ni da Mma a Silimar Talata

Har na yi aure na bar Kano ban taɓa sa ƙafa a gidan silima ba. Akwai guda a bayan kasuwar unguwarmu, ƙaton gini mai dogayen katangu, ba rufi. In magariba ta wuce, iska kuma ta juyo ta wajenmu, mukan jiyo kiɗan Indiya muna zaune a tsakar gida. Babanmu yakan ce matattarar 'yan iska ce, kuma a lokacin ba mai yi masa musu, don macen da aka gani a ƙofar silima ta gama zubar da mutuncin gidansu. Yayyena maza sukan sulale su je, su dawo su ba mu labari a ɓoye. Mu mata kallonmu a ɗaki ne. A aika a hayo kaset a shagon bakin titi, mu taru da 'yan matan maƙwabta a gaban talabijin, ana kallo ana addu'a kada a ɗauke wuta. Na san fina-finan Indiya kamar yunwar cikina, amma duk a akwatin da bai wuce faɗin tire ba na san su.

A farkon shekarun dubu biyu na biyo maigidana Manchester. Likita ne, yana neman ƙwarewa a wani babban asibiti, aikin da ke cinye masa yini, wani lokacin har da kwana. Muka kama flat a Withington, a saman wani shagon wanki, a unguwar da yawancin mutanenta ɗalibai ne masu tafiya da sauri. Ni akanta na karanta a gida, amma sai na sake wasu jarrabawa kafin a ɗauke ni aiki a nan. Don haka zama ya kama ni, daga littafi sai hita, sai kallon ruwan sama ta taga. Akan yi ranar da zan wuni ban yi wa kowa magana ba in ba mai shago ba.

A shagon wani mahauci ɗan Pakistan a Rusholme na haɗu da matar da wannan labarin ya shafa. Na nemi naman rago, ya ɗora min a sikeli, na duba na ce, "Wannan ai ƙashi ne zalla." A zatona a zuci na faɗa, ashe ya fito. Sai na ji an ce daga bayana, da Hausa, "To ki ce ya canza mana. Bakinki ciwo yake yi?"

Na waiwaya na ga wata dattijuwa gajera, kakkaura, da rigar sanyi har gwiwa a kan atamfa, ƙafarta cikin takalmin gudu irin na 'yan makaranta. Ba ta jira ni ba, ta matsa gaba ta yi wa mahaucin magana da Turanci, ya yi dariya ya canza naman. A bakin shagon muka tsaya gaisuwa har ledar ta fara yanka min yatsu.

Mutuniyar Kumasi ce, haifaffiyar zango. Ta zo Ingila tun ina zanin goyo, ita da mijinta da ya yi tuƙin bas har Allah ya yi masa rasuwa. 'Ya'yanta sun girma sun watse, babban yana Birmingham da iyalinsa. Tana zaune ita kaɗai a gidan council, irin na hayar hukuma, tana sharar wasu ofisoshi da asuba, kafin hantsi ta gama aikinta na ranar. Kowa Mma yake ce mata, ni ma na bi sahu. Hausarta ta zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya zo, ya tafi" ne. Da farko nakan yi dariya a ciki, daga baya kunnena ya saba har na daina lura. A nan zan kawo maganarta da irin Hausarmu, don haka take zaune a raina.

Mun yi 'yan makonni muna ziyartar juna, sai wata rana da za ta tafi ta ce, "Ranar Talata ki yi azahar da wuri ki shirya, za mu silima."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Silima, Mma?"

"Silima. An kawo sabo na Indiya. Talata ta fi araha, kuma yara suna makaranta."

Na bi ta da kallo. Matar da ta je Makka, carbi ba ya rabuwa da hannunta. Ta dubi fuskata ta gane.

"'Yar Kano, na san abin da ke ranki. Kujera ce da bango da duhu. Mai neman zunubi ko a ɗakinsa zai same shi."

Da maigidana ya dawo na faɗa masa, ina fatan ya hana in huta. Yana cin abinci ne ido na rufewa don gajiya. Ya ce, "Ki je mana, it will do you good. Ni ma da ina da hutu da na bi ku." Ya ƙara da cewa shi ma yana makarantar kwana ya sha haura katanga don kallo. Ban taɓa jin wannan a bakinsa ba sai ranar.

Bas biyu muka hau. Ginin ya fi kama da filin jirgi, ga kafet, ga fitilu, ga ɗakunan kallo a jere kowanne da lambarsa, ko'ina ƙamshin gugguru. Mma ba ta sayen gugguru. A jakarta akwai filas ɗin shayi mai citta da ƙosai a naɗe cikin takarda, kuma ta wuce mai duba tikiti tana ce masa "hello my darling" kamar jakar ba komai a ciki. Ta zaɓar mana tsakiya. Na duba gefe da gefe ina neman 'yan iskan da aka gaya min. Abin da na gani tsofaffin mata ne 'yan Pakistan da 'yan Indiya, da matan aure da suka kai yara makaranta suka zarto, da wasu dattawa masu rawani, da direbobin tasi da suka ajiye mota don su huta. Ko da yake ranar aiki ce, ɗakin ya kusa cika.

Da aka kashe fitila, abin da ya fara kama ni shi ne girman fuska. Idon jarumar kaɗai ya fi ƙofar ɗakinmu faɗi. Kiɗan kuwa a ƙirji nake jin sa, ba a kunne ba. Na riƙe hannun kujera kamar za a tashi da ni. Ban gama dawowa hayyacina ba sai na ji Mma ta fara magana da mutanen allo.

"Kada ki yarda da shi, ɗiyata, dubi idonsa."

Can kuma, "Kai dai ka ji tsoron Allah."

Kunya ta rufe ni, na ɗan taɓa ta. Kafin in yi magana sai wata mata a bayanmu ta amsa mata da yarensu, wata ta ƙyalƙyale da dariya, wani dattijo a gaba ya yi tsaki ga mugun da ke cikin fim ɗin. Ashe kowa yi yake. In an zo waƙa, sai ka ji ana binta ƙasa-ƙasa daga kowane lungu. In uwa ta mari ɗanta, ɗakin gaba ɗaya ya ja numfashi. Ba ma jin yaren juna, rabinmu ma rubutun Turancin da ke ƙasan allo muke bi, amma kafin a kai tsakiya na ji kamar a gidan biki nake, cikin dangin da ban gama sanin sunayensu ba.

Fim ɗin Indiya doguwar tafiya ce, sai an ba da hutu a tsakiya. Lokacin sanyi ne, la'asar tana yi da wuri. Mma ta ja ni wani lungu kusa da wata ƙofa da ba a buɗewa, ta zaro ƙaramar darduma daga wannan jakar da ba ta ƙarewa, muka yi salla da alwalar da muka riƙo daga gida. Da na sallame na ga mata biyu a tsaye suna jiran aron dardumar. Ma'aikatan wurin suna wucewa ba wanda ya ko kalle mu, sun saba.

A bas muna dawowa ta ba ni tarihinta da silima. Tana budurwa a Kumasi gyaɗa take sayarwa a ƙofar wata silima mara rufi. In an yi nisa da kallo, cinikin ya lafa, mai gadi yakan bar su su shiga su tsaya a baya da farantansu a ka. "Shi ya sa rabin fina-finan duniya ban san farkonsu ba," in ji ta. Ta ce akwai wani mutum da ba ya jin Indiyanci ko kalma ɗaya, amma shi ke fassara wa jama'a abin da ake faɗa, kuma har rububin zama kusa da shi ake yi, don nasa labarin ya fi na fim ɗin daɗi. A ƙofar nan mijinta ya fara ganinta. Kullum sai ya sayi gyaɗa, sai bayan aure ta gane ba ya ci, ƙaiƙayi take sa shi, abokansa yake raba wa.

Daga nan Talata ta zama tamu. Ba kowace ba, sai in an kawo sabo. Wani lokacin mukan shiga na Turawa, Mma ta fito tana mita, wai ba waƙa ba rawa, kuma kafin mutum ya gyara zama an gama. Ni abin da ya riƙe ni bai tsaya a fim ba. Tun daren Litinin nake fitar da kayan da zan sa. Nakan yi kwalliya, in fesa turare, in fita daga gidan da na wuni a ciki mako guda. In na zauna a kujerar nan kuwa, ba littafin jarrabawa, ba tukunya, ba abin da zan iya tashi in yi ko da ina so. An fara, sai an gama. Na jima ban gane cewa wannan tilas ɗin ita ce hutun ba.

A shekarata ta biyu babanmu ya rasu. Da safe aka bugo waya. Ina da tsohon ciki, likitata ta ce kada in kuskura in hau jirgi. Mutane suka yi ta zuwa ta'aziyya, abokan aikin maigidana da matansu, wasu daga garuruwa masu nisa. Ni ce mai dafa shayi, ni ce mai amsa "ya haƙuri". A waya mahaifiyata tana cewa in daure saboda abin da ke cikina. Maigidana kuma yana bina da idon likita, in na yi shiru ya ɗauko abin awon jini. Sai na tattara kukana na haɗiye, har aka yi arba'in ban zubar da hawayen kirki ba. Abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa, amma duk wanda ya gan ni sai ya yaba min dauriya.

Wata Talata bayan arba'in Mma ta ƙwanƙwasa ƙofa, da jakarta a kafaɗa.

"Tashi ki sa rigar sanyi."

Na ce, "Mma, babana ne fa. Shi da ko sunan silima ba ya son ji."

"Na sani. Addu'a muna yi masa, kuma ba za mu fasa ba. Tashi."

Na bi ta ne don ba ni da ƙarfin musu. Ba zan iya tuna labarin fim ɗin ba. Abin da na riƙe kawai, an zo wani wuri da wani tsoho ya rako 'yarsa tashar jirgin ƙasa, ya tsaya yana gyara mata mayafi, bakinsa na motsi ya kasa magana. Nan abin ya ɓalle min. Na yi kuka tun daga wurin har aka kunna fitila, kuka mai sauti, kafaɗuna na rawa. Ranar Mma ba ta ce wa mutanen allo uffan ba, ta dai ɗora hannunta a gwiwata ta bar shi a nan. Can wani hannu ya zuro ta saman kafaɗata daga baya, da hankicin takarda. Na karɓa ban waiwaya ba, har yau ban san fuskar mai hannun ba.

A bas ta ce, "Lokacin da baban yara ya rasu, nan nake zuwa. A gida yara suna kallon fuskata. A masallaci a ce min haƙuri. A nan kuwa kowa kuka yake yi, ba mai tambayar ki dalili."

Daren ranar na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Da na haifi 'yata sai Talata ta fara karyewa. Ba a shiga da jaririya wurin da kiɗa ke girgiza bango. Maigidana ya sayo faffaɗan talabijin da na'urar faifai, ya ce kada in rasa abin ɗebe kewa. A shagunan Rusholme kuwa faifan sabon fim ba ya daɗewa yake fitowa, wani ma a makon da aka fara nuna shi, wanda aka ɗauka a ɓoye daga cikin silima, kana kallo kana ganin inuwar kawunan mutane suna tashi suna zama. Ga kuma fina-finanmu na Hausa da matafiya ke kawowa a akwati, waɗanda dama ba silimar da ke nuna su a nan. Sai Mma ta koma zuwa wajena. Mu zauna a kan kafet, a tsayar don in ba da nono, a tsayar don an buga ƙofa, a tsayar don shinkafa za ta kama. Da daɗi, ba zan ce ba daɗi ba. Mukan ce in yarinya ta yi wayo za mu koma. Kafin ta yi wayo na ci jarrabawata na samu aiki, Talata ta zama ta ofis.

Ita ma Mma gwiwa ta matsa mata, hawa bene da bokiti ya gagara, ta ajiye aiki. Babban ɗanta ya zo ya tattara ta ya mayar da ita wajensa a Handsworth, wata unguwa a Birmingham. Gidan irin tsofaffin nan ne masu manne da juna, siriri, mai jan bulo. Suka mayar mata da falon ƙasa ɗakin kwana don kada ta hau matakala. Surukarta tana aikin jinya, jikokinta suna Turanci da harshen Birmingham wanda sai na kasa kunne nake ganewa.

Ziyarata ta farko a makon Salla ce. Muka bar 'yata wajen surukar muka tafi wata babbar silima ta garin. Maƙil take da iyalai, tun daga kaka har jika, kowa da kayan ado. Mma ta saki baki, aka yi ta amsa mata, har wata tsohuwa ta miƙo mana alewar madara a hutu. Na dawo Manchester ina cewa ba abin da ya canza sai nisa.

Bayan wannan ɗanta ya sa dish a gidan, tashoshin Indiya suna zuba fim tun safe har dare. Da aka jawo musu intanet mai sauri kuma sai ya ba ta tsohuwar laftof ɗinsa, ya nuna mata inda za ta danna. A lokacin mutane sun fara ɗora fina-finai a intanet gutsure-gutsure, in wannan ya ƙare ka nemi na gaba, wani lokacin ka tarar babu shi, wani lokacin hoton ya tsaya cak wani ɗan zobe yana juyawa a tsakiya. Mma takan ce, "Bar shi, tunani yake yi." Wata rana ta bugo min waya muryarta har rawa take don murna. Jikarta ta nemo mata tsofaffin fina-finan nan na ƙofar silimar Kumasi, ta zauna ta ga farkonsu ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗiyata, ashe yaron nan ba maraya ba ne. Sace shi aka yi a kasuwa tun yana ƙarami. Shekara da shekaru ina tausayinsa, ban san uwarsa tana raye ba."

Na taya ta murna da zuciya ɗaya. Ba wata silima a duniya da za ta yi mata wannan.

Wajen ƙarshen shekarun nan na ɗauki hutun kwana ɗaya a tsakiyar mako, takanas don in kai ta kallo. Na shirya da maigidana zai ɗauko yarinya daga makaranta, na hau jirgin ƙasa da safe, daga tasha na hau bas zuwa Handsworth. Na tarar da ita a kan gado, bargo a ƙafa, laftof a kan matashi. Da na faɗi abin da ya kawo ni da sunan fim ɗin, sai ta dubi laftof ɗin.

"Ai na gan shi shekaranjiya. Hoton dai ba kyau."

"To yau za ki ga mai kyau, Mma."

"Me zai fitar da ni cikin wannan sanyi? Ga gwiwa, ga jiran bas. Nan in na gaji in tsayar, in salla ta yi in tsayar, in ban gane ba in mayar baya."

Na ce tasi za mu hau. Ta dube ni, ta ga daga inda na taso, ta ce in miƙo mata rigar sanyinta. Har ta sa ni na dafa shayin citta na zuba a filas.

Ɗakin da aka nuna mana babba ne, kujerun ma sun fi na da laushi. Amma da za a tara duk waɗanda ke ciki, layi ɗaya ya ishe mu. Kowa ya zauna nesa da kowa. Ba tsofaffin mata, ba dattawa masu rawani. Aka fara. Da mugun ya bayyana, Mma ta ce, "Ga shi nan, munafuki," kamar yadda ta saba. Muryarta ta tashi ita kaɗai ta bugi bango ta dawo. Ba wanda ya amsa. Wani saurayi a can gaba ya waiwayo ya dube mu, ya juya ya ci gaba da latsa wayarsa, haskenta na dukan fuskarsa. Mma ta gyara mayafi. Ba ta sake magana ba. Kafin a kai tsakiya na ji numfashinta ya canza, na duba na ga ta yi barci, carbi a hannu. Na kalli sauran ni kaɗai, shayin ma ba mu buɗe ba.

A tasi na ce, "Mma, ina matan nan suka shiga?"

Ta ce, "Suna gida, irina. Kowacce 'ya'yanta sun sa mata a ɗaki. Wasu kuma sun riga mu."

Yanzu nakan ji ana ta tattauna dalilin da ya sa mutane suka rage zuwa silima, ana cewa tsadar tikiti, ana cewa wayoyi, ana cewa komai ya zo gida. Duk gaskiya ne. Abin da na gani da idona dai shi ne, ba wanda ya zauna ya yanke shawarar dainawa. Kowa ɗan dalilinsa ne ƙarami, kuma mai kyau. Ni goyo ne da aiki, Mma gwiwa ce da sanyi, wata jika aka bar mata, wani ya riga ya gani a gida. Ba wanda za ka ce ya yi laifi. Sai dai duk wadda ta zauna a gida ta rage wa waɗanda suka je wani abu, don mu ba allo kaɗai muke zuwa gani ba. Ranar da ka je ka tarar ba mai amsa maka, mako mai zuwa kai ma sai ka ga zama ya fi, kujerarka ta shiga cikin waɗanda ba kowa.

Wani lokacin kuma abin yakan ba ni dariya. Na girma ina kallo a ɗaki don an hana ni fita, na ƙetare teku na samu fitar, ban daɗe ba duniya gaba ɗaya ta koma kallo a ɗaki da ƙafarta. Bambancin, namu na da ɗaki ɗaya ne da mutum goma sha wani abu, ana ture-ture ana gardama. Yanzu a gidana ni da nawa allon, maigidana da nasa, 'yata a ɗakinta da abin ji a kunne. In na ce ta zo mu kalli abu tare, sai ta ce, "Mum, I've seen it." Ba na jin haushinta. Ni ma silimar tana nan ba nisa da ofishinmu, kuma ban tuna rabona da ita ba.

Ranar da muka dawo daga waccan fitar, mun tarar surukar Mma ta tuƙa tuwo da miyar ayoyo, wadda mu muke ce wa lalo. Aka kawo mana ɗaki. Barcin da ta yi ya wartsakar da ita. Ta ce in hau gadon in ja bargo, ta jawo laftof ta ce akwai wani tsoho da take so in gani, ta nemo shi da yatsa ɗaya, a hankali, tana karanta haruffan a fili. Muka sa kwano a tsakani. Ko minti biyar ba a yi ba bakinta ya buɗe, ta shiga yi wa jarumar faɗa, tana gaya min wanda zan yarda da shi da wanda ba zan yarda ba. Ni ma na shiga amsa mata. Jikoki suka dawo daga makaranta aka tsayar don su gaishe ni. Waya ta yi ƙara daga Kumasi aka tsayar. Zoben nan ya zo ya yi tunaninsa. Aka kira magariba a agogon bango mai kiran salla aka tsayar. Muna tsakiyar rikicin gado tsakanin 'yan'uwa biyu na duba lokaci na ga in ban tashi ba jirgi zai bar ni.

"Ki tafi," in ji ta. "Zan ƙarasa in gaya miki."

Ba mu sake zuwa silima tare ba. Amma ranar Lahadi da hantsi ta bugo, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ɗauko daga daidai inda muka tsaya. Ta yi muryar uwar, ta yi muryar alƙali, ta rera min rabin waƙa, ta tsaya ta yi wa ƙanin Allah ya isa, ta koma baya don ta manta wani wuri. Na tabbata ta ƙara abubuwan da babu su a ciki. Labarin ya fi ragowar fim ɗin tsawo nesa ba kusa ba. Ina tsaye a kicin, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, ina yanka albasa, har na ce, "Ashe shi ne ubanta?"

Maigidana ya leƙo daga falo, jarida a hannu, fuskarsa da damuwa. Ya ce, "Uban wa?"

Na yi masa alama da wuƙar ya koma, don Mma ta riga ta shiga zancen ranar ɗaurin auren.